Bandar Kifin Malam Sambo

Ban taɓa mantawa da Litinin ɗin da na ɗauki abin da Malam Sambo ya shekara talatin da biyar yana son gani, na kai wa Inna ta yi masa banda ba. Gara ku ji daga bakina, ku da aka ɗauka aiki bana, tun kafin maigadi ya ba ku labarin da nasa ƙarin. A wurinsa har yaji da man gyaɗa aka ce na barbaɗa. Ƙarya yake yi mini. Gishiri kawai muka sa.

Bari in fara da yadda ɗakin gwaje-gwajen nan yake a lokacin, don ku san inda nake tsaye. A sama akwai shugaban makaranta, sai mataimakinsa, sai shugaban sashen kimiyya, wato Malam Sambo, wanda kuma shi ne malamin bayoloji. A ƙarƙashinsa ya kamata a ce akwai ma'aikacin lab mai takarda, amma tun da aka yi wa na ƙarshe canjin wurin aiki ba a turo wani ba. Saboda haka daga Malam sai tsintsiya, daga tsintsiya sai ni. Ƙungiyar iyaye da malamai ce ta ɗauke ni bayan na gama aji shida, ina ɗan shekara goma sha bakwai. Aikina shara, wanke kwalabe, goge kantoci, da kamo kwaɗi idan an bukata. A kamun kwaɗi kam babu na biyuna a duk Gummi. Har yau idan na bi ta fadama shiru suke yi sai na wuce.

Ƙa'idar aikin a rubuce take a bayan ƙofa, da hannun Malam. Duk wata halitta da aka kawo don karatu, a fara rubuta ta a rajista, a wanke ta, a yi mata allurar ruwan famalin, wato maganin nan mai sa hawaye da ke hana nama ruɓewa, sannan a nutsar da ita a kwalba a manna takarda. Famalin guba ne, don haka a kabad yake kulle, makullin kuma yana aljihun Malam tare da goronsa.

Malam Sambo dogo ne, siriri, mutumin Bukkuyum, ba ya rabo da hula ko da zafi zai narka kwano. Abin da aka san shi da shi a makarantar nan shi ne zanen ƙwaƙwalwar kifin shak, mafaraucin nan na teku mai kaifin haƙora. Duk shekara idan an zo darasin ƙwaƙwalwa sai ya tsaya gaban allo ya zana ta da alli kala uku, ba tare da ya duba littafi ba. Ya zana wa yayyena, ya zana wa kawuna, ya zana mini. Idan ya gama sai ya kaɗe hannu ya ce shi kansa bai taɓa ganinta da ido ba, teku ta yi nisa da Zamfara. Mu kuwa dariya muke yi, don mun ɗauka cikin darasin ne.

Ashe akwai wanda bai ɗauki maganar da wasa ba. Wani tsohon ɗalibinsa ne, Ɗan'asabe, wanda ya bar makaranta tun aji biyar ya zama direban babbar mota, yana kai shanu Legas. Da ya ji Malam zai yi ritaya a ƙarshen wancan makon, sai ya shiga kasuwar kifi ta bakin teku ya sayi ɗan ƙaramin shak, tsawonsa kamar daga kafaɗata zuwa yatsa, ya sa a kula ya cika da ƙanƙara. Kwana uku yana hanya, duk garin da ya samu ƙanƙara ya ƙara.

Ya iso bayan azahar, cikin bazara, ranar da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka ƙasa da ƙafa huɗu. Malam ba ya nan. Tun safe ya tafi Anka kai takardun barin aiki, ya ce sai Laraba. Ɗan'asabe ya dire kular a bakin ƙofa, ya ce in gaya wa Malam ga abin nan da yake zanawa, ya duba ko alli ya yi gaskiya. Bai ko zauna ba, don ya bar motarsa a bakin titi.

Na buɗe kula. Ƙanƙara ta zama ruwa, ruwan ma ya fara ɗumi. Kifin yana kwance yana hararata da ido ɗaya, bakinsa a ƙasa kamar wanda aka yi wa laifi. Na kira wayar Malam sau ɗari da goma sha biyu. To, sau huɗu ne, amma ko ɗaya bai shiga ba. Na ja ƙofar kabad, na roƙe ta, na yi mata barazana. Shugaban makaranta yana wurin taro, mataimakinsa ya leƙo ya toshe hanci ya ce wannan harkar 'yan kimiyya ce.

A nan ne jinin gidanmu ya motsa. Mu Sarkawa ne, kakana a ruwa ya tsufa, Inna kuma sana'arta bandar kifi. A gidanmu idan kifi ya kai la'asar bai samu mai saye ba, babu wanda ke tsayawa shawara, wuta ake hurawa. Ban yi tunanin ƙwaƙwalwa ba, ban yi tunanin darasi ba. Abin da ke kaina kawai shi ne kada Malam ya dawo ya tarar da ruɓaɓɓe. Na ɗaure kula a bayan keke, na nufi gida ina jin kaina kamar wanda ya ceto yaro daga rijiya.

Inna tana bakin murhun banda tana jera tarwada a kan raga. Kun san yadda ake yi: a lanƙwasa tarwada a haɗa wutsiya da kai, a soke da tsinke, ta zama kamar awarwaro. Ta ɗaga kifin Malam ta juya shi, ta shafa bayansa, ta yi sauri ta janye hannu.

"Mi kaɗ ɗauko muna? Wanga kihi ne ko magagari?"

Na ce mata baƙo ne daga teku, na Malam ne, a yi masa aiki mai kyau.

Ta yi ƙoƙarin lanƙwasa shi, ya ƙi. Ta ce ita tun tana budurwa ba ta taɓa ganin kifi mai girman kai irin wannan ba. Fatarsa ta dakusar da wuƙa biyu. Da ta farke cikin ta nemi ƙaya ta rasa, sai guringuntsi tun daga wuya har wutsiya. Wannan ya ɓata mata rai ƙwarai, ta ce kifin da ba shi da ƙaya bai cika kifi ba. Ta yanyanka jikin ta jera a tsakiyar raga. Kan kuwa ta ce babu nama a jikinsa, bai cancanci wuta mai kyau ba, sai ta tura shi can gefe inda hayaƙi kawai ke kaiwa, kuncin hagu yana fuskantar garwashi. Ban san raini yana da amfani ba sai daga baya.

Washegari ƙanena ya saci yanka ɗaya ya ɗanɗana. Ya ce zarni yake yi kamar bayan katangar tasha. Kyanwar gidanmu ta shinshina ta yi ƙaura zuwa maƙwabta, ba ta dawo ba sai da aka yi ruwan farko.

Ranar Laraba da hantsi Malam ya dawo. Tun a tasha wani ya gaya masa Ɗan'asabe ya kawo masa saƙo, don haka da sauri ya shigo, abin da ban taɓa gani ba, har yana tuntuɓe da dokin ƙofa. Yana lalubar makullin kabad yana tambayata ina kular take, ƙanƙarar ta kai, na sa a inuwa? Ni kuwa na fito da ƙunshi cikin takardar siminti, na ajiye a kan tebur, na buɗe da hannu biyu, na ja da baya ina jiran yabo.

Malam ya dubi abin. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ja kujera ya zauna. Na fi son a ce zagina ya yi, don zagi na san yadda ake karɓarsa.

"Nura," in ji shi, "miƙo mini galan ɗin can na kan kanta ta biyu."

Na miƙo. Sifirit ne, wanda muke zuba wa fitilun gwaji. Kullum sai na ɗaga shi na goge ƙarƙashinsa.

Ya ce da na yanke kan na nutsar a cikin wannan, da ya jira shi har wata guda. Ba a kulle yake ba. A hankali ya faɗa, kamar yana karanta wa kansa. Sannan ya ce ba komai, gobe Alhamis darasinsa na ƙarshe da 'yan aji biyar, zai zana musu kamar yadda ya saba. Ya sa makullin a aljihu.

Wannan "kamar yadda ya saba" ita ce ta tsaya mini a wuya. Mutum ya shekara talatin da biyar yana zana abu, abin ya taso tun daga teku ya zo har teburinsa, ni kuma na mai da shi abin miya. Na tsuguna na ce Allah shi gafarta Malam, a ba ni izini in buɗe kan. Na ce a gidanmu tun kafin yaro ya iya ɗaura wando yake iya fasa kan kifi ya tsotse abin ciki, kuma na lura ƙwaƙwalwar kifin banda ba ta narkewa, ƙanƙancewa take yi ta yi tauri. Wataƙila da saura.

Ya daɗe yana juya kan a hannunsa. Ya danna kuncin hagu, ya ji ya bushe ƙayau. Ya danna na dama, ya ɗan lotsa. Ya ce in jiƙa shi a ruwan gishiri ya kwana, in kuma zo da ɗanyen kan tarwada babba. Na ce to mu buɗe yanzu mana mu gani, idan babu komai sai mu rufa wa kanmu asiri. Ya ce a'a. Yaran nan da shi duk ba su taɓa gani ba, don haka tare za su gani, ko tare su rasa.

Ranar Alhamis, darasi na uku, lab ya cika har taga. Labari ya riga ya zaga, har 'yan ajin adabi sun zo kallon ɗan Sarkawan da ya gasa kimiyya. Malam ya fara da zanensa. Ƙululu biyu a gaba, dab da hanci, na shinshina. Daga kowanne sanda ta taho ta haɗu da ƙwaƙwalwar gaba, wadda ya zana 'yar ƙarama kamar ƙwayar gurjiya. Bayanta ƙwallaye biyu na gani, sai mai kula da daidaiton iyo, sai jijiyar da ta wuce cikin baya. Ya kaɗe hannu. Wannan karon bai ce komai game da teku ba. Ya ce, "Nura, bismillah."

Idon Malam ya yi rauni a shekarun nan, shi ya sa aikin ya faɗo kaina. Na ajiye wuƙar fiɗa ta makaranta, wadda rabonta da kaifi tun kafin a haife ni, na ɗauko sabuwar reza. Kan shak ba ƙashi ba ne, guringuntsi ne, don haka ba a fasa shi, feƙe shi ake yi. Na fara daga tsakanin idanu ina ɗebe shi siriri siriri kamar mai yankan kubewa. Gumi yana ɗiga daga haɓata. Wani daga baya ya ce a kawo tuwo. Malam bai ko juya ba, ya sunkuyo har hularsa tana taɓa kunnena, ina jin ƙamshin goro.

Da rami ya buɗe, ɓangaren hagu na fara gani. Ya ƙone ya manne da bango, baƙi kamar ƙanzo. Na ci gaba da feƙewa zuwa dama ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Sai ga ta. Ta yi launin shayi, ta ɗan yamutse, amma komai yana wurinsa: ƙululun shinshina a bayan hanci, sandarsa, da ƙwaƙwalwar gaba.

Sai dai ba gurjiya ba ce. Ko a yamutse ta fi duk sauran sassan girma, ta yi kusan rabin abin da ke cikin ramin.

Malam ya karɓi gilashin ƙara girma. Ya duba, ya ɗaga kai ya dubi allo, ya sake dubawa. Ni dai na ce shi ke nan, hayaƙin Inna ya kumbura wa mutane ƙwaƙwalwa.

Ya miƙe ya je gaban allo, ya sa hannun rigarsa fara ya goge tsakiyar zanen.

Ya ce wuta ba ta ƙara wa nama girma, rage shi take yi, don haka kuskuren ba na kifi ba ne. Littafin da ya koya da shi a kwaleji wani ɗan ƙaramin shak na ruwan sanyi ya zana, kuma masanan wancan zamani sun ɗauka gaban ƙwaƙwalwar shak ba ta da aiki sai shinshina, wai hanci ne kawai da wutsiya. Daga baya aka gano shinshina wani yanki kawai ta kama, saƙon ido da na sauran jiki ma suna isa can, kuma akwai jinsunan da tasu ta yi girma sosai, irin wannan. Ya ce ya karanta haka shekarun baya, amma hannunsa ya riga ya saba da tsohon zane, bai taɓa tilasta masa ya canza ba. Ya sake zanawa yana kallon tiren da kan yake ciki, a hankali, layin yana karkacewa. Shi ne zane mafi muni da na taɓa gani ya yi.

Sannan ya sa na buɗe kan tarwada na ajiye a gefe, ya ce in yanka gaban kowace ƙwaƙwalwa a gicciye. A cikin ta shak akwai 'yar tsaga kamar ta ƙwallon dabino. A ta tarwada babu, dunƙule biyu ne kawai da wata fata siririya a sama wadda ta yage tun kafin in gama sallama da ita.

Don ya bayyana wannan ne Malam ya yi abin da ba a taɓa gani ba a tarihin makarantar nan. Ya cire hularsa. Wata yarinya ta ce innalillahi. Ashe sanƙo ne da shi tun daga goshi har ƙeya, yana ƙyalli kamar an shafa masa man shanu. Ya bar mu muka yi dariyarmu ta ishe mu, shi ma yana murmushi.

Ya ce tun halitta tana ciki, ƙwaƙwalwa kamar bututu take farawa. Ya naɗe bakin hular zuwa ciki, rami ya kasance a tsakiya. Ya ce haka ta shak take yi, haka ta gaiwar da ke kwana cikin laka a fadamarmu, haka ta kwaɗo, haka tamu. Sai ya juya bakin hular waje kamar mai naɗe ƙafar wando. Ya ce haka ta tarwada da karfasa da danginsu suke yi. Kakannin shak sun rabu da na sauran kifaye fiye da shekara miliyan ɗari huɗu, kuma masana suna ganin naɗin ciki shi ne na asali.

Safiya, wadda ta fi kowa tambaya a ajin, ta ce to ke nan mun fi kusa da shak a kan tarwada?

Malam ya ce a'a, a wajen dangantaka tarwada ta fi kusa da mu, don mu da ita masu ƙashi ne. Sai dai danginta ne suka sake salon gini daga baya, mu da shak muka riƙe na da. Kamar ɗan'uwanka na jini ya koma ginin bulo, kai da wani baƙo na nesa kuna nan da ginin ƙasa irin na kakanni. Ya ce Allah Ya jera abinSa yadda Ya so, mu dai karatu muke yi a jikin halitta, kuma gara a karanta da ido a buɗe.

Na ce Allah shi gafarta Malam, ashe duk shekarun nan 'yan'uwanmu Inna take yi wa banda. Ya ce in rufe masa baki in zagaya da tire.

Kowa ya zo ya leƙa, ɗaya bayan ɗaya, har 'yan adabin. Aka buga ƙararrawa babu wanda ya motsa. Da ɗakin ya watse, Malam ya ja kujera ya zauna gaban tiren shi kaɗai, hularsa a gwiwa. Na yi kamar ina wanke kwalabe. Kwalba ɗaya na wanke sau tara. Can ya ce in nemo masa lambar Ɗan'asabe, yana so ya gaya masa alli bai yi gaskiya ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, ku ma ku riƙe: a aikin nan hannu yana riga kai. Nawa ya saba da wuta, ya ruga wurin wuta. Na Malam ya saba da gurjiya, ya yi ta zana gurjiya. Kafin ku yi abin da kuka saba, ku tsaya ku karanta abin da ke rubuce a jikin galan ɗin da kuke gogewa. Idan kuma kun ga babba ya goge aikinsa a gaban yara, kada ku ɗauka ya faɗi. Ni ban taɓa ganin Malam da tsawo kamar ranar ba, ga shi kuwa babu hula.

Kan yana nan a kwalba ta goma sha huɗu, kanta ta sama. Rabin dama ne kawai ke da amfani, kuma idan kun buɗe murfin har yanzu da ɗan ƙamshin hayaƙi. Malam yana Bukkuyum yana noman gero, idon ya ƙara rauni, bai sake ganin wani shak ba. Ni ba a kore ni ba, amma an ba ni takardar gargaɗi saboda fitar da kayan makaranta ba tare da izini ba. Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci Malam ya sa mata hannu, kuma ita ce takarda ta ƙarshe da ya sa wa hannu a aikin gwamnati.